Ashana a Bakin Tukunya

Ashana ta uku ke nan Nokuzola ta ƙyasta a bakin tukunyar, ita ma ta ci bal-bal har ta ƙona mata yatsa. Giyar da ta tashi, tururinta kaɗai kashe ashana yake yi, kowace mace a karkarar Cofimvaba ta san haka. Wannan kuwa kwance take kamar kunun jiya, ko kumfa ɗaya babu. Ga shi yau Juma'a, gobe da safe za a yanka bijimi a dawo da ruhin mahaifinta gida cikin kakanni, shekara guda da rasuwarsa. In giya ba ta tashi ba, magana ɗaya dattawa za su yi: tsohon ya ƙi dawowa, hannun da ya dafa bai yi masa ba.

Abin haushin, ita ta jawo wa kanta. Shekara tara tana birni, a unguwar Khayelitsha, duk biki ita ke yin umqombothi, giyarsu ta gargajiya, mata na sha suna cewa hannun marigayiya uwarta ta gado. Wane hannu? Garin fakiti ne na kanti, a kwaɓa da ruwan ɗumi a bokiti, a rufe, washegari ya tashi. Ta ji daɗin yabo ta ja bakinta ta yi shiru, har yabon ya riga ta isowa ƙauye. Da aka zo rabon aiki, Gwaggo Nozibele, ƙanwar mahaifinta, ta miƙa mata buhun dawar da tsohon ya noma a damunarsa ta ƙarshe, ta ce ba mai taɓa ta sai ita.

Ba a ce ba ta yi ƙoƙari ba. Ta jiƙa dawar har ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dama da garin masara ya yi tsami, ta dafa, ya huce, ta juye a babbar tukunyar uwarta ta zuba sauran tsiron. Duk abin da ta tuna, ta yi.

Yayanta Mlungisi ya leƙo ta ƙofa. "Gwanar birni, mun kusa ɗanɗanawa?"

"Yaya, nan ba wurin maza ba ne."

"Ƙamshi na zo ji, ban kuwa ji komai ba," in ji shi, ya wuce yana dariya.

Ta jawo jakarta, ta zaro fakitin da ta ɓoyo a ƙarƙashin kaya. Tana tsaye da shi a hannu Gwaggo Nozibele ta shigo. Tsohuwar ko kallon fakitin ba ta yi ba. Ta sunkuya ta shinshina tukunyar, ta shafa wuyanta ta ciki da yatsa, sai ta tsaya cak.

"Ke, me kika yi wa tukunyar nan?"

"Wanke ta na yi, Gwaggo. Dauɗa ce ta kama cikinta kamar ɓawon itace. Yini biyu ina kankarewa da sabulu da tafasasshen ruwa."

Gwaggo ta nemi kujera ta zauna. "Dauɗa," ta ce. "Shekara arba'in uwarki tana tara dauɗar nan, 'yar nan. Ita ke tayar da giya. Daga tukunyar kakarki ta ɗebo ta."

Nokuzola ta dubi cikin tukunyar. Da hannunta ta kankare abin da ya rage na uwarta, ta zubar a bayan gida, har tana jin ta yi tsafta.

"Gwaggo, ban taɓa yi daga tsiro ba. Duk na fakiti ne."

"Na sani. Tun da na ga kina auna ruwa da kofi." Ta nuna fakitin da haɓa. "Zuba in kina so, masu rai ba za su gane ba. Amma ƙwaryar farko ta yayana ce."

Nokuzola ta daɗe tana kallon fakitin, sannan ta mayar da shi jaka. Ta ɗaga kai tana neman hana hawaye zuba, sai idonta ya sauka a kan matacin giyar uwarta, na saƙar ciyawa, rataye can a jinka. Shi ma ta so wankewa, tsawo ne ya hana ta.

"Gwaggo, wancan fa? Ban taɓa shi ba."

Ta taka turmi ta ciro shi, ya sandare da busasshen tsakin giyar da uwarta ta sha tacewa, irin dauɗar nan ta tukunya. Suka tsoma shi a tukunyar, suka naɗe ta da barguna, suka tara garwashi kusa da ita.

"Zai yi?"

"Oho. Yuni ne, tsakiyar hunturunmu, yini ɗaya kuma ya rage."

Da safe bijimin na ɗaure a garke, dattawa sun jeru a ƙofa da sandunansu. Gwaggo ta yaye barguna. Kumfa dai akwai, 'yar siririya. Ta miƙa wa Nokuzola ashana. Ta farko ta karye. Ta biyu ta kama, Nokuzola ta kai ta bakin tukunya, wutar ta tsaya tana ci, tana ci, har wani dattijo ya yi gyaran murya. Sai ta lanƙwashe, ta koma shuɗiya, ta mutu.

"Yayana ya amsa," in ji Gwaggo a hankali.

Bayan an tace an kai wa tsohon ƙwaryar farko garke, Nokuzola ta tsaya a kan tukunyar da ba komai ciki sai ɗan fari-fari da ya manne a jikinta. Gwaggo ta janye bokitin ruwan da ke kusa da ƙafarta.

"Bar ta haka. Dauɗar uwarki ta tafi, ba ta dawowa. Wannan taki ce ta fara."