Hannun Priscilla, Ƙafar Sailuba

Kowa a Gauraka ya san rumfunan abincin nan biyu da ke manne da juna a bakin babban titi, kuma kowa ya san wadda ta fi ciniki. Sailuba ce ta fara kafa tata, tana tuwon shinkafa da miyar taushe. Priscilla ta zo daga baya da sakwara da miyar agushi, da wata dariya mai jawo direba tun daga tsallaken titi. Kafin a ankara, har makanikan da suka girma da tuwon Sailuba sun koma bencin maƙwabciya. Ba su taɓa faɗa ba, kullum sai sun gaisa, har aron gishiri suna yi. Amma a faɗi gaskiya, Sailuba ba ta taɓa jin dakan turmin Priscilla ba tare da ƙyashi ya taso mata ba.

Wata rana da hantsi motar wata hukumar gwamnati ta ƙwace wa direbanta, ta haura kwalbati, ta kwashe rumfunan biyu. Tafasasshen mai ya kwarare wa Priscilla a hannun hagu. Sailuba kuwa ƙafarta ta karye wuri biyu.

Bayan an sallamo ta daga asibiti, tana kwance a ɗakinta na haya a Iku, sai ga wani jami'in hukumar, Alhaji Nu'uman, da kwandon lemo da kankana. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa gaban katifarta.

"Hajiya, ki yi haƙuri, ki yafe mana. Oga ya ce duk abin da ya kamata hukuma za ta yi miki. Har shago na bulo za a gina miki."

"Kun je wajen maƙwabciyata?" Sailuba ta tambaya.

"A'a, ai tata 'yar ƙuna ce. Ke ce abin ji."

Kankanar ta yi zaƙi, amma ba ta kai wannan magana ba. Yau ga wani abu da aka kawo wa Sailuba aka tsallake Priscilla. Motar ta daɗe a ƙofar gida, duk layin ya gani.

Ba a jima ba Priscilla ta zo dubiya, hannunta naɗe da bandeji. Ta zauna a bakin katifa, ta yi ta sannu, sannan ta rage murya.

"Maman Muhsina, na je wurin loya. Ya ce tunda mota na gwamnati ne, wata uku kawai doka ya ba mu mu kai ƙara. In ya wuce, finish, kotu ba zai ji mu ba. Abeg, zo mu shiga tare."

Sailuba ta ƙare mata kallo. Ashe! Ta ji labarin shagon bulo, ƙyashi ya hana ta zama. Kuma ta san ƙunarta ba za ta yi nauyi a kotu ba, shi ne take son a ɗora mata karayar wata. Ta kwashe masu saye, yanzu kuma ƙafar take so. Haka Sailuba ta karanta maganar, kuma ta yarda da karatunta ɗari bisa ɗari.

"Maman Somto, mu ba ma yin haka," ta ce. "Mutum ya tako har ɗakinka, ya durƙusa ya ba ka haƙuri, sannan ka maka shi a kotu? Ke da ba a zo miki ba, sai ki je."

Priscilla ta sake dawowa bayan ɗan lokaci. Sailuba na jin sallamarta ta juya bango ta yi kamar barci.

Alhaji Nu'uman kuwa bai fasa ba. Duk Juma'a daga masallaci sai Iku. Ya ci tuwo, ya yaba miya, ya ce maganar shago tana kan teburin oga. Wa zai kai ƙarar mutumin da ya sa hannu a kwanonsa? Ko da gangan yake yi, ko shi ma umarni yake bi, Allah kaɗai ya sani. Abin da aka gani dai shi ne, wata uku na cika, Juma'ar Alhaji ta koma wani gari. Wayarsa ta yi ta ringin ba mai ɗauka.

Ƙafar ta haɗe, amma ta gajarce, sai da sanda. Tsayuwa gaban murhu ta gagara. Ƙaninta Sabo ya ɗauke ta a Keke Napep zuwa cikin Suleja, ta ce ko wane lauya ne ban da na Priscilla. Suka sami wata, Barista Bara'atu, wadda ta saurare ta har ƙarshe, ta tambayi ranar hatsarin, ta tambaya ko an rubuta alkawarin shagon. Ba a rubuta ba.

"Inna, an makara," ta ce. "Ko na shigar, abin da lauyoyinsu za su fara faɗa shi ne lokaci ya wuce, kuma alƙali zai kori ƙarar."

"Amma har yanzu ciwo take!"

"Daga ranar hatsari ake ƙirgawa, Inna, ba daga ranar warkewa ba."

Sailuba ta yi kuka a hanya. Abin kunya shi ne, rabin kukan ba na ƙafa ba ne, na tunanin cewa Priscilla ce ta yi gaskiya.

Da aka zo sauraren ƙarar Priscilla, lauyanta ya nemi wanda ya ga abin da idonsa, kuma ba wanda ya fi Sailuba gani. Priscilla ta zo roƙo tana ɗari-ɗari, sai ta ji an amsa mata nan take. Ba don Allah Sailuba ta amsa ba. Ta riga ta ƙudurta cewa alƙali mutum ne mai ido, in ya ga ƙafa kusa da wannan ɗan tabo, shi da kansa zai san inda hukunci ya dace.

Ta ci ado ranar. Ta hau akwatin shaida da ƙyar, ta yi rantsuwa, ta zayyana yadda motar ta taho, wani tafinta yana juya maganar zuwa Turanci. Priscilla ta naɗe hannun riga, alƙali ya duƙa ya duba tabon da kyau, ya yi ta rubutu, ya yi ta rubutu, har ya juya shafi. Sailuba ta ji kamar a bayanta ake rubutun. Ba ta jira tambaya ba, ta ɗage bakin zanenta ta turo ƙafar waje.

"Ranka ya daɗe, ga tawa ma. Wuri biyu ta karye. Ka duba, ai ta fi nata."

Tafinta ya fassara. Alƙali ya ajiye alƙalami, ya dube ta da tausayi na gaske, ya yi magana a hankali.

"Ya ce Allah ya ba ki lafiya, Mama," in ji tafinta. "Amma ƙafarki ba ta gaban kotu. Ya ce an gode, kina iya sauka."

Matakalar akwatin ta fi wuya a sauka. Priscilla ta taso da sauri ta miƙo mata hannu, hannun nan dai mai tabo. Sailuba ta dube shi, ta so ƙwarai ta ƙi. Ta gwada da sanda, ƙafar ba ta kai ƙasa ba, sai ta kama hannun.