Jinin Tunkiyar Baba

Ranar da Auta ta kai ƙarshen aikin da ya cinye mata shekara, ranar firjin ɗakin bincikensu ya mutu, jinin da ke ciki ya lalace. Ita kuwa ba ta da hanyar gwaji sai da jinin tunkiya.

Wata ƙwayar cuta take nazari, bakteriya mai fitar da dafi. Dafin nan gutsi-gutsi yake fitowa, ya manne a jikin jar ƙwayar jini, ya haɗu ya yi zobe, ya huda ta. Ruwa ya kwarara ciki, ƙwayar ta kumbura ta fashe. Auta tana zargin ƙwayar gado ɗaya tak, cikin masu tsara halittar bakteriyar, ita ke sa ta ƙera dafin, don haka ta yanke ta ta cire. Saura a ga ko zargin nata gaskiya ne.

Tunkiya ɗaya ta sani, ta mahaifinta, tsohon mai facin taya, wanda tun da ya bar aiki ya mai da ita abokiyar hira. Gimbiya yake ce mata.

"Duk tumakin garin nan ba ki ga kowa ba sai Gimbiya?" in ji Baba.

"Kaɗan ne fa, Baba, bai kai rabin kofin shayi ba. Likitan dabbobi ne zai ɗiba."

Da ƙyar ya yarda, shi ma da sharaɗin sai ya ga abin da za a yi da jinin. Da aka zo ɗiba, Baba ne ya runtse ido, Gimbiya kuwa tuƙarta kawai take yi.

Auta ta gauraya jinin da abincin bakteriya, ta zuba a faranti uku ya daskare. Na farko ta shuka bakteriyar asali, na biyu wadda ta cire wa ƙwayar gadon, na uku wadda ta cire wa kuma ta mayar mata. Ta sa su a akwatin ɗumi su kwana.

Washegari Baba ya riga ta shiryawa. A ɗakin binciken aka sa masa farar riga da ta ɗame shi a kafaɗa, aka ce kada ya taɓa komai, ya mai da hannuwa baya kamar ɗan makaranta. Auta ta buɗe akwatin, ta ɗaga farantin farko a hasken taga. Kowane ɗigon bakteriya ya cinye jan da ke kewaye da shi, wurin ya yi garau har ana hango yatsanta ta ƙasa. Ta yi masa bayanin hudar.

"Ashe ƙusa ce," in ji Baba. "In ƙusa ta shiga taya, iska ke fita. Wannan kuma ruwa ke shiga."

Ta ɗauko na biyu. Bakteriyar ta tsiro ɓul-ɓul, amma jinin ja wur har gindinta. Auta ta aje farantin a hankali, sannan ta ƙwalla ƙara ta daka tsalle.

"Subhanallahi! Ya lalace ne?"

"Ba abin da ya faru, Baba! Ba komai!"

"To, ba komai ɗin kike wa tsalle?"

Dariya ta hana ta amsawa. Ta zaro na uku: wurin ya sake yin garau. An mayar da ƙwayar gadon, dafi ya dawo. Ta rungume mahaifinta har hularsa ta faɗi.

Ta kira Farfesa, mai duba aikinta. Ashe yana wurin aski. Ba a jima ba ya faɗo ɗakin yana haki, rabin kai a aske, gashi a kafaɗa. Ya jera farantan, ya daɗe yana kallo.

"Sai mun maimaita," ya ce da muryar malamai, amma bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya kama hannun Baba da hannu biyu. "Malam, 'yarka ta kama ɓarawon."

"Yanzu an samu magani ke nan?"

"Da saura, Baba," in ji Auta. "Amma mun san inda za mu nufa."

Wannan ya ishe shi. Ya fita baranda ya kira mahaifiyarta a waya, yana ɗaga murya kamar tana ƙetaren kogi, har ɗalibai suka riƙa leƙowa ta ƙofofi.

"Ki bar abin da kike yi ki saurara! Auta ta cire wa cuta haƙori, da idona na gani!"