Tuntuɓen Enos

Delmer Caudill bai gaji gona ko shanu ba. Abin da ya gada goge ne da kiɗa guda ɗaya, wanda mutanen kwarinsu, can cikin duwatsun Kentucky, suke kira Tuntuɓen Enos. A tsakiyarsa kiɗan yakan tsallake rabin taku, har masu rawa su ci karo da juna. Haka ubansa ya koya masa, da ranƙwashi duk ranar da ya yi karambanin gyara wurin. A gidansu an ce kakansa Enos ne ya ƙaga shi, tsallen kuwa faɗuwar gabansa ce ranar da ya fara ganin matarsa a ƙofar coci.

Wata Asabar da hantsi wata malama daga jami'a, Lenora Whitt, ta zo da rakoda ta ɗauki kiɗan. Da ya gama ta fito da kati, ta ce za ta rubuta sunan wanda ya ƙaga shi, a ajiye a ɗakin tarihi. Delmer ya gyara wuyan riga. Shekara sittin yana jiran wannan tambaya.

Kafin ya buɗe baki, maƙwabcinsa Hobart Sizemore ya yi gyaran murya daga jikin shinge.

"Malama, riƙe alƙalaminki. Kiɗan namu ne. Kakan kakana ya taho da shi daga Ireland, tsallen nan kuma jirgin ruwa ne ya yi tangaɗi."

"Kakan kakanka ko tukunya bai iya kaɗawa ba," in ji Delmer.

"Naka fa? Da ya ɗauki goge karnuka suke barin gari."

Malama ta tambaya ko akwai mai rai da ya ji Enos da kunnensa. Akwai, Gwaggo Ozella, autar Enos. Delmer bai so ba, don Gwaggo ba ta iya tauna magana ba, amma babu yadda zai yi.

Suka same ta a baranda tana zura koren wake a zare don shanya. Ta saurari kowa har ya gama, hannunta bai tsaya ba.

"Faɗuwar gaba? Baba? Mutumin da ya aiko a tambayi Inna ko ta iya yanka alade kafin ya tambayi sunanta?"

"Gwaggo, baƙuwa ce, rubutawa take yi," in ji Delmer.

"To ta rubuta. Faifan garmaho ne. Uban Hobart ya sayo shi a garin Hazard, takardar jikinsa ta riga ta goge, babu wanda ya san mai kiɗan. Faifan ya tsage, allura ta zo wurin sai ta yi tsalle. Shi da Baba suka zauna gabansa damina guda suna kwaikwayo, har da tsallen. Ina gaya musu tsaga ce, suka ce me yarinya ta sani."

Hobart ya cire hula ya shiga duba cikinta. Delmer kuwa ya tuna ranƙwashin da ya sha, ya tuna shi ma ya ranƙwashi ɗansa a kan wannan wuri. Malama ta fara mayar da kati jaka, tana cewa za ta sa ba a san asalinsa ba.

"Dakata tukuna," in ji Delmer. "Gwaggo, da tsagarsa aka sayo faifan?"

"Lafiyarsa lau aka kawo shi."

"To wa ya tsaga shi?"

"Kakanka. An ajiye a kujera ya zo ya zauna a kai. Ka san shi ba ya duba bayansa."

Delmer ya juya wajen malama a hankali.

"Kin ji ko. Ba don shi ba, kiɗan nan da miƙe yake kamar na kowa."

"Faifan ai na ubana ne," in ji Hobart.

"Naku faifai, namu zama."

Malama ta sake fito da katin. Daga baya ta rubuta cewa ba a san mai kiɗan farko ba, amma tsallen tsakiya aikin Enos Caudill ne. Delmer ya sa ta karanta masa sau biyu, sannan ya roƙe ta kada ta bayyana da wane sashe na jiki aka yi aikin.