Safar Hannun Gola

Farfesa ya ɗora yatsa a kan shafin. "Ki cire wannan? To me ya rage a binciken? Ba kin canza mata suna ba?"

Na canza mana. Mu masu bincike haka muke, da mun laƙa wa mutum sunan bogi sai mu ɗauka mun ɓoye shi. Wata da watanni ina hira da 'yan matan ƙungiyar ƙwallo ta cibiyar matasa kan cin zarafi, duk suna kewaye-kewaye. Ɗaya ce ta fito fili. Ta ce bayan atisaye koci kan sa ta mayar da safar hannunta sito, sai ya biyo ta ya tura ƙofa.

"Ranka ya daɗe," na ce, "a ƙungiyar ƙwallo mutum nawa ke sa safar hannu?"

Ya cire tabarau. Ya san mutum ɗaya ce tak: Gola, mai tsaron raga.

Jibi zan gabatar da sakamakon a zauren cibiyar, gaban iyaye da shugabanni, kocin ma yana layin gaba. In na karanta, na tona mata asiri. In na cire, mugun ya sha. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na sami Gola a bayan fili tana ɗaure ragar da ta yage. Ban ɓoye mata komai ba.

"Zan cire, ƙanwata. Digirin nan bai kai ki ba."

Ta harare ni. "Haba Anti! Na yi ta kuka ina gaya miki, ki je ki goge? Ki karanta yadda na faɗa."

"Za a gane ki fa."

"Ke dai ki karanta. Sauran ki bar mana."

Ran taron na hau dandamali. Koci ya harɗe ƙafa yana wasa da usur ɗinsa, har da yi min murmushi, mara kunya. Bencin 'yan mata kuwa wayam. Na ce a raina, shi ke nan, tsoro ya kama su, zan tsallake jimlar.

Sai ƙofa ta buɗe. Suka shigo a jere, ƙungiyar gaba ɗaya, kowacce da safar hannu. Wata ta gola, wata ta robar wanke-wanke, wata ta asibiti. 'Yar autarsu ma safar ƙafa ta zura a hannu, abin dariya abin kuka. Suka zauna, suka ɗora hannuwa a gwiwa inda kowa zai gani.

Na gyara makirufo na karanta jimlar a hankali, ban rage ko kalma ba.

Shugabar cibiyar ta juya tana neman yarinyar da ta yi maganar, ta bi hannuwan ɗaya bayan ɗaya, ta rasa. Daga nan ta mayar da idonta kan koci.

"Malam, ba ni makullin sito," ta ce.