Mabiyiyar Gesse

Kunun kanwa ya huce a ƙwarya har ya yi fata, Mubina kuwa ta juya wa ƙwaryar baya, jaririya na tsotson nonon da babu komai a ciki.

Laifin na mijinta ne, Nu'uman, ko da yake bawan Allah bai san ya yi laifi ba. Sabuwar jiha ce ta kwaso shi daga Sakkwato ta ajiye shi a gidajen ma'aikata na Gesse, inda ba dangin iya ba na baba. Mubina ta haihu a asibiti, ta zubar da jini mai yawa. Mahaifiyarta na can garin Gulma, ambaliya ta datse hanya. Da nas ta miƙo masa mabiyiya a leda, kunya ta kama shi, ya zo gida ya haƙa rami bayan kicin ya jefa, ya mayar da ƙasa. Aikin ungozoma a hannun akawu, me za a samu?

Da Mubina ta farfaɗo ta tambaye shi ko cibiyar sama take kallo, sai ya ce bai lura ba. A Gulma kowace mace ta san maganar: mabiyiyar da aka binne a kife, uwar ta gama haihuwa. Gwaggonta ɗa ɗaya ta yi a duniya, kuma haka aka ce ya same ta. Nu'uman ya yi ta faɗa mata camfi ne, haihuwa ta Allah ce. Ta ce ta sani. Amma ta kasa cin abinci, ta rame, nono ya ɗauke.

Inna Hodi, wata tsohuwa daga garin Zauro da ke kawo albasa unguwar, ita ta ji kukan jaririyar ta shigo ba sallamar kirki. Ta saurari zancen, ta wanke Nu'uman tas, ta ce ko akuya ba a yi wa haka. Sannan ta karɓi fartanya ta zaga bayan kicin, ta hana kowa bin ta. Sun daɗe suna jin sara. Ta dawo da laka har gwiwar hannu, ta wanke, ta ɗumama kunun da kanta.

"Ɗiyata, na je na dawo. Babu abin da ke ramin can da zai hana ki haihuwa. Tashi ki sha."

Mubina ta fashe da kuka, ta riƙe hannun tsohuwar tana sa mata albarka, ta karɓi ludayi.

Nu'uman ya raka Inna Hodi ƙofar gida, ya sassauta murya ya tambaya ko a kife ta sami mabiyiyar.

"Wa ya ce maka na tone? Abin da ƙasa ta karɓa ba a tono shi. Gefe na yi ta sara."

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu, ta ce ya je ya nemo itace da ganyen darbejiya, gobe da safe za ta zo ta yi wa matarsa wankan jego, tunda uwarta ba ta kusa.

Daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya durƙusa a cikin taɓo da wandonsa na ofis yana yi mata godiya. Daga ɗaki ana jin ludayi yana kankare gindin ƙwarya.