Ranar da Yaya Ta Yi Shakka

Yaya tela ce, shekara ashirin da biyu tana kan keken ɗinki, kuma a gidansu maganarta ita ce ta ƙarshe. Idan ta kalli mutum ta faɗi awon kafaɗarsa, ko an sa tef ba ya wuce haka. Don haka da ta tara ƙannenta a falo ta ce Baba ya fara ruɗewar tsufa, sai aka shiga gyaɗa kai. Hujjojinta a fili suke. A tambaye shi ko ya sha magani, sai ya ce ai ya yi wanka. Ya daina zama da baƙi. Ta riga ta yanke shawarar a rufe shagonsa na gyaran agogo, a samo mai kula da shi a gida.

Autansu ne kaɗai bai gyaɗa kai ba. Malamin falsafa ne a kwaleji, gemunsa har ya fara furfura, amma a gida Anya ake kiransa, domin tun yana ƙarami ba a gama magana bai ce "anya" ba.

"Yaya, abin da kika gani daban, sunan da kika sa masa daban," in ji shi. "Kin ga Baba yana ba da amsar da ba ita aka tambaya ba. Shin ruɗewa ce kaɗai ke jawo haka?"

Ta ce masa nan ba aji ba ne, ya bar falsafarsa a bakin ƙofa tare da takalmansa. Aka yi dariya, har da shi, aka watse.

Amma tambayar ta bi ta har wurin aiki. Washegari tana cikin yanka yadi idonta ya faɗa kan agogon hannunta. Makon jiya Baba ya kwance shi, ya jera 'yan kusoshi ƙanana kamar ƙwayar gishiri, ya mayar da kowanne gurbinsa. Mutumin da hankalinsa ya gushe zai iya wannan? Ta ajiye almakashi. Ba ta saba da shakkar kanta ba, abin ya tsaya mata a rai, ta kuma ji haushin Anya.

Da rana tsaka ta rufe shago ta tafi wurin Baba. Ta same shi sunkuye a kan tebur, gilashin gyara maƙale a ido ɗaya. Ta tsaya a bayansa ta kira shi sau uku, bai juyo ba. Sai ta ciro allin ɗinki daga jakarta, ta rubuta a gabansa: "Baba, yau wace rana ce? Ni wace ce?"

Ya karanta, ya cire gilashin, ya dube ta sama da ƙasa.

"Talata ce. Ke kuma babbar 'yata ce, wadda ta ɓata mini tebur da alli. Lafiyarki kuwa?"

Ta zauna a bencin masu jira. Tana rubutawa yana amsawa, har ya faɗi abin da ya ɓoye wata shida. Kunnensa ne ke mutuwa a hankali. Kunya ta hana shi faɗa, sai yake kallon bakin mutane yana kintatar abin da suka ce.

Daga nan ta kira Anya a waya, ta ce masa kai tsaye ya yi gaskiya. Ba ta taɓa faɗa masa haka ba.

"Ni ban san kunne ba ne, Yaya," in ji shi. "Abin da na sani kawai, ba mu sani ba tukuna. Ke ce kika je kika duba."

Ita ta kai Baba asibiti, ta tsare likita da tambayoyi har sai da ya jawo kujera ya zauna. Aka gwada kunnen, aka sa masa 'yar na'urar ji. A hanyar dawowa Baba ya ce wa direba ya sauke gilashin mota, ya kasa kunne yana sauraren titi. Sai da suka iso ƙofar gida ya tsaya, ya karkata kai wajen wani kuka da ya jiyo, ya tambaye ta tun yaushe maƙwabta suka yi jariri.