Bindigar Garinmu

"Tarkace ce!" in ji Kawu Settimio. "A Amurka kowa cewa yake bindigar Italiya da aka ce da ita aka harbe shugaban ƙasarsu ba za ta iya kashe shi daga irin wannan nisa ba."

Babana, wanda ya tsufa yana ƙera irinta a garinmu Terni na Italiya, ya ture farantin taliyarsa.

"Kai da ko zomo ba ka taɓa harbowa ba!"

Ya ɗauko bindigarsa, muka fita gonar zaitun. Ya jera kwalabe can nesa, ya farfasa su kafin Kawu ya gama toshe kunne. Kaina ya kumbura. Aikin garinmu ke nan.

Mama ta leƙo daga ƙofa.

"To, Egidio, ka ci gardama. Sai mu fita shela cewa tamu ce ta kashe shi?"